Farfesa Ishaya Audu: Likitan Sardauna da ya mayar da asibitin talakawa ajin koyon likitanci

A jerin ministocin harkokin wajen Najeriya, sunan Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu yana tsakanin na Janar Henry Adefope da na Cif Emeka Anyaoku, daga 1979 zuwa 1983. Da wannan muƙami akasarin ma'aikatan Abuja suka san shi, wasu kuma suna tuna shi a matsayin wanda ya mara wa Dakta Nnamdi Azikiwe baya a takarar shugaban ƙasa ta 1979. Sai dai idan ana maganar aikin da ya shafi rayuwar talakan Arewa kai-tsaye, shekaru tara da ya yi yana shugabantar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun fi shekarunsa na minista nauyi nesa ba kusa ba. A cikinsu ne Arewa ta fara yaye likitocinta da kanta, kuma irin asibitocin da aka koyar da su a ciki sun yi tasiri a kan irin likitocin da suka zama.

An haife shi ranar 1 ga Maris, 1927, a Anchau da ke ƙasar Zazzau. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, ya fito daga cikin Isawa, wato mabiyan wani malami mai suna Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa, alaihis salam. Bayan kisan malamin sai almajiransa suka watsu zuwa wajejen Ningi da gabashin Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a birnin Zariya, suka karɓi addinin Kirista, aka kafa musu matsuguni a wani wuri da ake kira Gimi. Zaman bai yi ƙarko ba. Ƙudan tsando ya yi yawa a rafukan yankin, ciwon barci ya shiga cikinsu ya yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka yi saura suka tashi suka bar garin.

Anchau ɗin ma da aka haife shi ba ta tsira daga wannan cuta ba. Tun yana yaro, a ƙarshen shekarun 1930, gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaddamar da wani gagarumin shiri a can ƙarƙashin masanin ƙwari T. A. M. Nash. Aka sare kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin mil 10, aka tara ƙananan ƙauyuka wuri guda, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka raɗa masa suna Takalafiya. Daga baya aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma a Kaduna, da reshenta a Vom kusa da Jos. Ke nan mutumin da zai zama shugaban jami'a ya tashi a cikin dangin da suka ga yadda cuta guda ke tayar da gari, a lokacin da likita mafi kusa yake tafiyar kwanaki.

A Wusasa ya yi karatun farko, a makarantar St. Bartholomew, bayan mishan ɗin ya tashi daga cikin birnin Zariya ya koma can a ƙarshen shekarun 1920. Ƙauyen ƙarami ne, amma abin da ya fitar ya fi girmansa. Daga wannan al'umma Dakta Barau Dikko ya fito, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, wanda ya yi karatu a Birmingham, kuma ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu. A nan kuma Yakubu Gowon ya girma, ɗan wani mai wa'azi da ya zo daga ƙasar Angas ta Filato. Akwai asibitin mishan a garin, saboda haka yaron Wusasa yana ganin aikin jinya da idonsa tun kafin ya san sunayen magunguna.

Daga Wusasa ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Legas, sannan ya shiga cikin ɗaliban farko na Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948. A wancan lokaci Ibadan ba ta da asibitin da Jami'ar Landan ta amince a koyar da aikin likita a cikinsa, domin sai a Nuwamban 1957 aka buɗe asibitin koyarwa na can. Don haka ɗalibi yakan yi karatun farko a gida, in ya zo matakin duba majiyyaci sai a tura shi Ingila. Haka ta faru da Ishaya Audu: ya tafi Landan a 1951, ya kammala a 1954, a shekarar da ta biyo baya kuma ya je Liverpool, inda tsohuwar makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi take tun 1898.

Akwai abin lura a wannan tsari. Ɗan Anchau ya koyi sauraron ƙirji da taɓa ciki a jikin mutanen Landan, waɗanda cututtukansu na sanyi ne da hayaƙin masana'antu da tsufa. Kafin ya san zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da ciwon barci a ilmance, sai da ya ƙara tafiya wani birnin na Ingila, inda ake koyar da su a matsayin cututtukan wasu ƙasashe masu nisa. Duk likitan zamaninsa ya bi ta wannan hanya mai zagaye, kuma da yawansu sun dawo da tunanin cewa asibiti na gaske shi ne wanda ya yi kama da na Landan.

Arewar da ya dawo ya tarar kuwa, ba likitoci ne ke riƙe da lafiyarta ba. Malaman asibiti na En'e ne a ɗakunan sha-ka-tafi, da masu haɗa magani da aka horar a Zariya, da duba-gari da suka fito daga makarantar tsafta ta Kano, sai ungozoma da wanzami a cikin gida. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe wata makarantar likitanci a Kano domin horar da mataimakan likitoci, amma ba ta yi tsawon rai ba. Likitocin da ke akwai mafi yawansu Turawa ne, ko dai na gwamnati a manyan garuruwan larduna ko na mishan a ƙauyuka.

Ishaya Audu ya ƙware a fannin cututtukan yara, ya yi aiki a asibitocin gwamnatin Arewa, har ya zama likitan Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Masu yi wa manya hidima sun san nauyin irin wannan amana, domin likitan shugaba yana ganin abin da ko na hannun dama ba ya gani. Jikan Mujaddadi Shehu Usmanu ya miƙa lafiyar jikinsa ga ɗan mai wa'azin Kirista daga Wusasa, kuma mutanen wancan zamani ba su ga abin mamaki a ciki ba. Ya yi aure a 1958, shi da matarsa Victoria suka haifi 'ya'ya shida. Da aka buɗe makarantar likitanci ta Jami'ar Legas a 1962 sai ya koma koyarwa a can, ya kuma yi wani zama na bincike a Jami'ar Rochester da ke Amurka.

Shekarar 1966 ce ta dawo da shi gida, kuma ba a cikin daɗi ba. An kashe Sardauna, wanda shi ne uban jami'ar ta Zariya, ranar 15 ga Janairu. A watan Mayu, bayan Doka ta 34 da ta rushe tsarin tarayya, tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, ta sake dawowa da muni a watannin Satumba da Oktoba. 'Yan asalin Gabas da suka tsira suka koma gida, cikinsu har da ma'aikatan jinya da masu gwajin jini da masu haɗa magani da asibitocin Arewa suka dogara da su. A cikin wannan hali shugaban jami'ar na farko, Norman Alexander ɗan ƙasar New Zealand, ya bar aiki, aka naɗa Ishaya Audu yana da shekara 39. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya riƙe kujerar, jami'ar kuwa ba ta cika shekara huɗu da kafuwa ba.

A 1967 aka buɗe tsangayar koyon likitanci. Shekarar ce Gowon ya raba Jihar Arewa gida shida, ita ce kuma yaƙin basasa ya fara a watan Yuli. Babu kuɗin gina katafaren asibitin koyarwa irin na Ibadan, babu kuma lokacin jiran sa. Abin da aka yi shi ne kafa Cibiyar Lafiya a ƙarƙashin jami'ar, aka miƙa mata asibitocin gwamnati da ke aiki tun da: na Tudun Wadan Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi a lardin Katsina, da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Waɗannan asibitoci ne na kowa da kowa, inda ba a buƙatar takardar turowa daga wani likita kafin a shiga. Manomi da maciji ya sara yana zuwa, mai naƙudar kwana uku da aka ɗauko a bayan a-kori-kura tana zuwa, uwa mai goye da yaron da ƙyanda ta kama ita ma tana zuwa. A kan waɗannan ɗalibin Zariya ya koyi aikinsa.

Larura ce ta haifi wannan tsari, kuma bai kamata a mayar da shi wata hikima da aka zauna aka tsara tun farko ba. Abin da za a yaba wa shugaban jami'ar shi ne bai ɗauki larurar a matsayin abin kunya ba. Ya nemo malamai daga ko'ina, ya ba su sarari su yi nazarin abin da ke gabansu. Sashen kiwon lafiyar al'umma ya samu Dakta Umaru Shehu na Borno, wanda daga baya ya jagoranci Cibiyar Lafiyar baki ɗaya. Sashen cututtukan manya ya samu Farfesa Eldryd Parry daga Birtaniya a 1969, shi kuma ya jawo matasan likitoci irin su Brian Greenwood da David Warrell. Sashen haihuwa ya samu Kelsey Harrison, ɗan Abonnema ta Jihar Ribas. Abin da waɗannan mutane da ɗalibansu suka gano a cikin shekaru goma ya isa a tsaya a kansa.

Likitocin Zariya sun lura da yawan matan da ake kawowa makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana sarƙewa, zuciya ta gaza. A littattafan Turai wannan ciwo ne da ba kasafai ake gani ba, amma a Zariya an ƙiyasta yana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu. Parry da abokin aikinsa Neil Davidson suka bi diddigin mata sama da 200, suka shiga gidaje suka ga yadda ake jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa babu ƙaƙƙautawa. Suka danganta ciwon da haɗuwar gishirin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, da tsananin zafi da ke ƙara wa zuciya aiki. Likitan da bai taɓa shiga ɗakin mai jego ba, ko ya haddace littafi, da wuya ya kai ga wannan bayani.

Warrell ya mayar da hankali ga saran kububuwa, macijin da wasu ke kira gobe-da-nisa, wanda dafinsa ke hana jini daskarewa har mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da ta ciki. Daga aikinsa a Arewacin Najeriya aka samu wani gwaji mai sauƙi: a ɗebi jinin wanda aka sara a zuba a tsabtatacciyar kwalbar gilashi, a ajiye minti 20, sannan a karkata ta. Idan jinin bai daskare ba, dafi ya shiga, a ba da maganin dafi. Ba ya buƙatar wutar lantarki ko na'ura, kuma har yau da shi ake aiki a Kaltungo da Indiya da sauran wuraren da maciji ke kisa. Greenwood da abokan aikinsa, cikinsu da Dakta Sadiq Wali, sun fuskanci sanƙarau da ke zuwa da zafin bazara. A ƙarshen shekarun 1970 suka nuna cewa allura guda ta wani nau'in maganin kuloramfenikol mai daɗewa a jiki tana warkar da mafi yawan masu ciwon, maimakon allurai da yawa dare da rana na kwanaki. Ga malamin asibitin ƙauye da ke da majiyyata hamsin a ƙarƙashin bishiya, wannan bambanci ne tsakanin mai yiwuwa da marar yiwuwa, kuma an yi shekaru ana amfani da hanyar a lokutan annoba a faɗin yankin Sahel.

Harrison kuma ya tattara bayanan haihuwa 22,774 da aka yi a jere a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya wallafa sakamakon a 1985. Ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa ainun a tsakanin matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba sai da abu ya ɓaci, da 'yan matan da suka ɗauki ciki ƙugunsu bai gama girma ba, ya kuma nuna irin kariyar da karatun boko ke ba mace. Wasu daga waɗannan ayyuka sun kammala ne bayan Ishaya Audu ya bar kujera, amma a gonar da ya share aka shuka su. Littafin da Parry ya shirya a kan ka'idojin likitanci a Afirka, wanda ya fito a 1976, da yawan abin da ke cikinsa daga gadajen asibitin Tudun Wada aka samo shi. Da Parry ya koma Ilorin a 1977 ya zama shugaban sabuwar tsangayar likitanci, sai ya sa zaman ɗalibai a ƙauye ya zama wajibi tun daga shekarun farko na karatu.

Akwai wata matsalar da ta riga duk waɗannan, wato samun ɗaliban da za a koyar. Makarantun sakandaren Arewa da ke koyar da kimiyya har matakin shiga jami'a ba su da yawa a lokacin. A zamanin Ishaya Audu aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a a Samaru, inda yaron da ya fito daga Gumel ko Biu ko Pankshin zai cike giɓin da ke tsakaninsa da ɗan Legas. Ba don ita ba, da tsangayar likitancin ta cika da ɗaliban wasu yankuna, da kuma an daɗe ana jiran likita mai jin yaren majiyyacinsa. A farkon shekarun 1970 rukunin farko na likitocin Zariya suka fito, daidai lokacin da shirin yi wa ƙasa hidima da aka fara a 1973 ya soma kai sababbin likitoci garuruwan da ba su taɓa ganin likita zaunanne ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, burin bai cika yadda aka so ba. Jihohi sababbi suna buƙatar kwamishinoni da manyan sakatarori da shugabannin asibitoci, saboda haka da yawa daga likitocin farko suka ƙare a bayan tebur. Waɗanda suka ci gaba da karatu sun bi fannoni na musamman, kuma mai irin wannan ƙwarewa wurin aikinsa babban birni ne, inda kayan aikinsa suke. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 wasu suka tafi Saudiyya da Ingila da Amurka. Ita kanta jami'ar ba ta daina mafarkin katafaren asibiti guda ba, aka fara gina shi a Shika tun a shekarun 1970. Asibitin ƙaramar hukuma mai gado sittin ya ci gaba da zama a hannun ɗan hidimar ƙasa da zai tafi bayan shekara guda.

Amsar wannan giɓi ta fito daga wani ɓangare da jami'o'i ba su cika kula da shi ba. Tun kafin a yi tunanin tsangayar Zariya, asibitocin mishan suna aiki a ƙauyuka da likita ɗaya ko biyu da ke yin komai. Na Vom, a ƙasar Birom da ke kudu da Jos bayan an wuce Bukuru, ya fara a 1922 a hannun Dakta Percy Barnden na mishan ɗin SUM, shekara biyu kafin gwamnati ta kawo cibiyar binciken cututtukan dabbobi garin. Ya shahara da horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi da suka bazu a asibitocin Arewa, yau kuma yana hannun cocin COCIN. A irin wannan asibiti likita yakan duba yara da safe, ya yi wa mai gwaiwa tiyata da rana, a tashe shi da tsakar dare ya fiɗa mai naƙuda ya ciro jariri, da gari ya waye kuma ya zauna lissafin kuɗin magani da man janareta.

Da aka kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da doka a 1979, shekara guda bayan taron Alma-Ata da ya ɗora kiwon lafiya a matakin farko a kan gaba, sai aka yarda cewa wannan yin komai ɗin shi ma fanni ne da ya cancanci horo da jarrabawa da lambar ƙwarewa. Dakta Andrew Pearson, wanda ya daɗe yana jagorantar asibitin mishan na Ilesha, yana cikin waɗanda suka tsara manhajar. Horon ya fara ne a asibitocin mishan, domin su ke da malaman da suka san aikin, kuma Filato ta zama ɗaya daga cibiyoyinsa: asibitin Evangel na Jos, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, da na Vom, da asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Fannin da aka fara kira aikin likita na gama-gari shi ne yau ake kira likitancin iyali. Hujjarsa ita ce wadda Tudun Wada da Malumfashi suka tabbatar tun farko, cewa likita yakan saba da irin majiyyacin da aka koyar da shi a kansa, kuma wanda bai taɓa aiki inda babu na'ura ba zai ji tsoron zuwa wurin.

Nan ne maganar ta iso teburin ma'aikacin tarayya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, dokar 2018 kuma ta tsara horon likitoci masu neman ƙwarewa da yadda za a ɗauki nauyinsa. Amma guraben horon da kuɗinsa sun fi taruwa a manyan asibitocin tarayya da ke birane, alhali ƙananan asibitocin karkara da suka fi dacewa da koyar da likitan iyali suna fama da biyan albashi daga abin da talaka ya iya biya a bakin taga. Wanda ke rubuta takardar kasafi ko ke shirya wa minista bayani yana da hannu a inda likitan gobe zai koyi aikinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ishaya Audu ya bar shugabancin jami'ar a 1975, shekarar da aka hamɓarar da Gowon, Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi. Da aka ɗage takunkumin siyasa ya shiga jam'iyyar NPP, ya tsaya mataimakin Azikiwe, suka zo na uku. Jam'iyyar ta ci gwamnoni uku, ɗaya daga ciki Solomon Lar na Filato. Yarjejeniyar da NPP ta ƙulla da NPN ce ta kai shi ma'aikatar harkokin waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. A zamaninsa Zimbabuwe ta sami 'yanci a 1980, aka yi taron tattalin arzikin Afirka a Legas a shekarar, aka kai ruwa rana da Kamaru a 1981 bayan kashe sojojin Najeriya biyar a kan iyaka, aka kuma tura dakarun kiyaye zaman lafiya Chadi. Da yarjejeniyar jam'iyyun biyu ta wargaje a 1981, NPP ta umarci ministocinta su ajiye aiki, shi kuwa ya zaɓi ya zauna. Tsofaffin abokan tafiyarsa ba su ji daɗin hakan ba, kuma wannan ne ɓangaren tarihinsa da aka fi saɓani a kai. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, yana cikin 'yan siyasar da sojoji suka tsare.

Da aka sake shi bai nemi wata kujera a Legas ko a ƙasar waje ba, duk da cewa mai irin takardunsa ba zai rasa ba. Ya koma Samaru, daura da jami'ar da ya shugabanta, ya buɗe asibitinsa, ya kuma rungumi aikin coci har ya zama limami. Tsohon shugaban jami'a kuma tsohon minista ya koma zama a ɗakin duba marasa lafiya, yana karɓar matan leburori da 'ya'yan masu gadi da manoman ƙauyukan kewaye, wato aikin da yau za a kira na likitan iyali. A haka ya shafe kusan shekara ashirin na ƙarshen rayuwarsa.

Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78. A watan Nuwamban shekarar, bayan kusan shekara talatin ana gini, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tare a mazauninsa na dindindin da ke Shika. Tsofaffin asibitocin Tudun Wada da Kaduna da Malumfashi, inda rukunan farko suka koyi aiki, suka daina zama cibiyar horon ɗaliban likitanci na jami'ar.